KU TAMBAYI KAWU: Wai me ya koro kifin teku bakin gaɓa haka?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da kaka, barkanmu da sabon gero. Satin nan akwatin saƙona magana ɗaya ce ta cika shi, wani bidiyo da ke ta yawo a WhatsApp na teku ta yi baƙi ƙirin da kifi, an turo min shi ya fi sau goma har wayata ta fara kukan ba wuri. Toh masu tambayar kiwon tarwaɗa ku yi haƙuri ban manta da ku ba, yau teku za mu leƙa, duk da dai daga nan Gombe sai mutum ya kwana a mota kafin ya ga ruwan gishiri da idonsa.

TAMBAYA: Kawu ina wuni, ya aiki ya iyali. Dan Allah ka taimaka min da bayani hankalina ya ƙi kwanciya. Yarona na fari yana karatu a Fulorida ta Amurka, shekaran jiya ya turo mana bidiyo wai shine tsaye cikin teku ruwa har ƙugu, kifi ko ta ina kamar an zazzage buhu sunata tsalle, can sai ga wani ƙato mai sheƙi ya faso ruwa yayi sama ya faɗo tim. Ƙannensa sunce haɗin kwamfuta ne, maƙwabciyata kuma tace in kifi ya gudo bakin gaɓa haka toh girgizar ƙasa ce ke tafe. Ni dai tsorona kar wani abu ya cinye min yaro.
Wata uwa, Tudun Wada, Gombe

AMSA: Hajiya lafiya lau, ya yaran. Ki sha ruwa ki kwantar da hankalinki, ba haɗin kwamfuta ba ne kuma ba girgizar ƙasa, ki gaya wa maƙwabciyar taki in da haka ne da Fulorida duk shekara sai ta rushe, don abin nan duk shekara ake yinsa kamar yadda shamuwa ke zuwa mana gaban damina.

Kifin da kika gani suna tsalle sunansa malet. Ba wani ƙato ba ne, ƙananan kamar ɗan yatsa suke manyan kuma su kai tsawon hannu daga gwiwa zuwa yatsu, kuma shi bawan Allah ba ya farautar kowa, gansakuka da dattin taɓo yake tsotsa, har ƙundu gare shi irin na kaza da yake niƙa abincin. Duk lokacin zafi yana kwance cikin tafkunan gishiri da bakin koguna da ke bayan rairayi yana ci yana ƙiba. Da zarar kakarsu ta shigo, wato daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba har Nuwamba, rana ta fara gajarta, iskar arewa mai sanyi ta fara busowa ruwa ya fara hucewa, sai su fito ta mashigar tafkunan nan su haɗa ayari su bi gefen gaɓa su nufi kudu inda ruwa ke da ɗumi, manyan ciki kuma daga baya su nausa can cikin teku su zuba ƙwai. Ayarin nan wani lokaci in kina kan gada ko bene sai ki ɗauka inuwar gajimare ce ke tafiya a kan ruwa.

Toh kin san duk inda garke ya bi kura na biye. Ƙaton nan mai sheƙi da ya faso ruwa sunansa tafon, ɓawon jikinsa fari fat kamar sabon kwanon silba, yana iya fin yaron naki nauyi, kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai sunuk, akwai wani shuɗi mai haƙora kamar reza, akwai shak, ƙaton kifin nan da kan ciji mutum, sama kuma ga kwasakwasa da sauran tsuntsaye suna faɗowa kamar jifa. Su ne suke matse ayarin har bakin rairayi inda ruwa bai wuce gwiwa ba, ƙananan ba su da wurin gudu sai sama, tsallen da kika gani kenan. Ba murna suke ba Hajiya, ta kansu suke.

Maganar tsoronki kuma ba zan ɓoye miki ba, kina da gaskiya rabi. Fulorida ita ce kan gaba a duniya wajen yawan cizon shak, musamman wani yanki da ake kira Volusia, kuma watannin nan na kaka na cikin lokacin da abin ya fi faruwa, dalili kuwa shi ne dai wannan, mutum ya shiga tsakiyar abincinsu cikin ruwan da ya gauraye ba a ganin komai, shak ya kai wa malet cafka ya samu ƙafar mutum. Yawanci cizo ɗaya ne ya saki don ba mutum yake nema ba, ɗinki ake yi a sallame ka, mutuwa ba kasafai ba, amma wa ke son ɗinkin? Ki ce masa Kawu ya ce ya fito daga cikin ayarin ya tsaya kan rairayi ya jefa ƙugiyarsa daga can, kifin ai har gabansa suke zuwa, kuma ya cire agogo ko zobe mai ƙyalli in zai taɓa ruwa. Abin da ma ya fi ba ni tsoro a kansa ba shak ba ne, jan ruwa ne, akwai wuraren da ruwan da raƙuman teku suka turo gaɓa yake komawa ciki ta hanya ɗaya da ƙarfi, ya ɗebi mutum kamar kara, wannan ya fi shak cin rai nesa ba kusa ba. In ya kama mutum ba a kokawa da shi a ce sai an dawo ta inda aka shiga, gefe ake yi a bi tsawon gaɓa har a fita daga cikinsa. Yaron da ya tashi a Tudun Wada ni ban san a wane kogi ya koyi iyo ba, ki tambaye shi wannan tukuna kafin maganar shak.

TAMBAYA: Kawu barka da war haka. Ni masunci ne ɗan masunci, shekara ta ashirin da wani abu ina kan ruwan nan. Yarona ya nuna min bidiyon wlh har na kasa cin tuwo, kifi haka a bakin gaɓa amma mutane na tsaye da ƴar sanda ɗaya ɗaya kamar masu kiwon agwagwa? Ba su da taru ne ko ba su san kuɗi ba? Mu nan da zamu samu rabin wannan ai da kowa ya sauke farali.
Wani masunci, Dadin Kowa

AMSA: Ranka ya daɗe na ruwa, ina gaisuwa, a gaida min Sarkin Ruwa da sauran jama'ar bakin dam. Na yi dariya da na karanta saƙonka don ranar da na fara ganin abin nan da idona abin da ya fara zuwa raina kenan, na ce ina ma mutanen Dadin Kowa na kusa.

Suna da taru, sun kuma san kuɗi, sanin kuɗin ne ma ya kusa ƙarar da kifin. Ƙwan malet kaya ne mai tsada a Taiwan da Japan, ana shanya shi da gishiri a ci kamar kilishi, toh da kasuwar ta buɗe sai masu kalli, wato tarun nan da kifi ke maƙalewa a idonsa, suka riƙa tare ayarin daidai lokacin da matan ke ɗauke da ƙwai, a farke ciki a cire ƙwan. Ka ga an haɗa uwa da ƴaƴan da ba a haifa ba an kwashe. Da abin ya yi yawa sai aka kai maganar akwatin zaɓe, a 1994 mutanen Fulorida suka jefa ƙuri'a aka sa cikin kundin tsarin mulkin jihar cewa an hana kalli a ruwanta, dokar ta fara aiki a Yulin 1995. Birgi dai an bar shi, irin namu da ake jefawa ya buɗe kamar faifai, da shi suke kamo ƙananan su yi koto, shi ma mai kamun nishaɗi ba zai wuce malet 50 a rana ba. Kuma kar ka ɗauka kowa ya yi murna, iyalai da yawa da suka gaji su kaka da kakanni kamarka dokar nan ta raba su da sana'arsu, har yau akwai masu jin zafin abin.

Can arewacinsu ma sun sha irin wannan da wani kifi mai zane-zane a jiki da suke kira bas, shi ne giwan ruwansu wajen daraja. An kama shi an kama shi har ya kusa ɓacewa, jihar Maryland ta rufe kamunsa ƙurmus a 1985 ba a sake buɗewa ba sai 1990, a 1995 aka ce ya farfaɗo, aka saki jiki, zuwa 2019 kuma masana suka ce an sake cin uwar kuɗi. Ka ga su ma ba waliyyai ba ne, wuya ce ta koya musu kuma suna mantuwa kamar kowa.

Amma bari in dawo da kai gida don ni abin da ya sa na ba tambayar nan fili kenan. Abin da ka gani a bidiyon kana da shi a gabanka, girma ne kawai ya bambanta. Ruwan fari in ya sauko Gongola ya cika ya malala fadamu, kifi ya hau ya shiga ciyawa ya zuba ƙwai, ƴaƴan su yi wata biyu uku suna ci a ɓoye. Kaka ta yi, ruwa ya fara ja, dole su fito su koma uwar ruwa kafin fadama ta ƙafe da su, kuma ta ƴar ƙofa ɗaya za su bi. Wa ke jiransu a ƙofar? Tsage da giwan ruwa da ragon ruwa, sama kuma zalɓe da belbela sun yi sahu. Na taɓa zama a irin bakin nan da sassafe hazo bai gama tashi ba, ruwa shiru kamar an shimfiɗa tabarma, sai kawai na ga ƴan kawara sun watso sama kamar an watsa tsaba, fal fal fal, bayan su ruwa ya murɗa ya yi wani kumburi, dattijon da ke tuƙa ni ko ɗaga kai bai yi ba ya ce tsage ne yake karyawa. Haka yake a Jama'are, haka yake a fadamun Hadeja da Nguru, haka yake a Tafkin Chadi. Kai ka fi ni sanin wannan, ni dai na haɗa maka shi da na Fulorida ne kawai.

Inda nake da magana da ku shi ne gidan sauro. Wanda asibiti ke rabawa mata masu ciki, a ɗinke biyu uku a tare bakin fadama da shi a kwashe ƴan kifin da ba su kai farce ba, a shanya a kan rairayi a sayar da mudu a kuɗin da bai kai na tarwaɗa ɗaya ba. A Kainji an yi wannan rigimar da taru mai ƙananan ido da suke kira dala, wanda ake ja don ƴan mitsi-mitsin kifin nan warangi amma ya haɗo da ƴaƴan manyan kifi, har sai da hukuma ta hana shi. Na san amsar da za ka ba ni, Bature ya ƙoshi shi ya sa yake wasa da kifi, kai kuwa in ba ka kamo yau ba ba a ɗora tukunya, kuma wanda ka bari wani ne zai kwashe da daddare. Ban musa ba wallahi, shi ya sa ma ba kai kaɗai nake wa maganar ba, magana ce ta Sarkin Ruwa da duk masu jirgi su zauna su ce bakin fadama kaza daga wata kaza zuwa wata kaza ba mai sa ƙaramin ido, wanda aka kama a karɓe kayan. Iyayenku ai sun yi haka, akwai gurbin da ba a taɓawa sai ranar da aka buɗe su, Argungu ma haka ake yi.

TAMBAYA: Salam Kawu. Ina aiki a Niyu Jasi kusa da Niyok shekara biyu kenan, abokan aikina duk weekend ɗin Oktoba basa nan wai sun tafi kamun kifi, nima inaso in fara don zaman ɗaki ya isheni. Na sayi sanda da injin naɗe zare amma sau uku ina zuwa ko ƙwaya ban kama ba, na kusa dani kuma sunata cirowa. Me nake yi ba daidai ba?
Ɗanka, ɗan Azare a ƙasar sanyi

AMSA: Ɗana Allah ya yi albarka, ka kyauta da ka nemi abin yi, zaman ɗaki a ƙasar mutane ba ya haifar da ɗa mai ido. Sai dai ka rubuto min wata kalmar Turanci a tsakiyar Hausarka, ƙarshen mako ake cewa, shekara biyu kacal har an fara?

Kafin komai ka yi rajistar masu kamun kifin teku ta jiharku a intanet, ka kuma duba dokar shekarar don tana canzawa. Bas mai zanen nan tun 2023 wanda ake yarda ka tafi da shi gida daga teku guda ɗaya ne a rana, tsawonsa daga inci 28 zuwa 31, wanda bai kai ba ka mayar wanda ya wuce ma ka mayar don manyan su ne iyaye mata. Ka sa awo a aljihu. Ma'aikatansu ba sa jin dan Allah, ba sa jin ni baƙo ne.

Yanzu ga inda nake zargin kake kuskure, kai babban kifi kake nema, su kuwa na kusa da kai ƙananan suke nema. A wajenku ba malet ne ya fi yawa ba, wani ne mai maiƙo da ake kira manhedin, ƴaƴansa da suka yi rani cikin koguna suna fitowa teku daga Satumba zuwa Nuwamba, bas da shuɗin nan mai haƙora suna gangarowa kudu suna bin su, ta Montauk a ƙarshen tsibirin Niyok su biyo gaɓarku. Inda ba ƙananan nan ko ka kwana kana jifa ruwa kawai kake duka. Toh in ka isa kar ka yi saurin kwance kaya, ka tsaya ka yi kallo minti goma. Tsuntsaye na shawagi sama sama, ba komai tukuna. Suna faɗawa ruwa suna ihu wuri ɗaya, ɗauki sandarka ka ruga. Ruwa ya yi wani duhu ko yana ɓararraka kamar tafasar tukunya, ko ka ga ƴan kifi sun faɗo kan rairayi suna ɓal-ɓal, ko ka ji ƙarni ya bugo hancinka, duk alama ce.

Na biyu lokaci. Teku ba dam ba ce, tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kusan awa shida tana hawa awa shida tana sauka, kuma kullum lokacin na matsawa gaba da kamar minti 50 saboda wata ne ke jan ta. Kai da ka tashi kana duban wata don azumi wannan ba zai ba ka wuya ba, tsayuwar wata da daren sha huɗu su ne ruwa ya fi hawa ya fi gudu. Kifi na ci ne lokacin da ruwa ke tafiya, in ya tsaya cak tsakanin cika da janyewa sai ka ga kamar an yi ruwa an ɗauke. Abin da ya fi shi ne ka samu bakin mashiga lokacin da ruwa ke fita yana kwaso ƙananan daga cikin tafki, in hakan ya dace da asuba ko gab da magariba toh ka gode Allah. Ina kyautata zaton kai sai ka karya ka yi wanka rana ta take kake fita, ko ba haka ba? Ka yi sallar asuba a bakin ruwa ka gani.

Na uku koto. In ƴan kifin da ke wurin kamar yatsa suke kai kuma ka ɗaura koton roba kamar takalmi ba mai kula ka, ka duba girmansu da launinsu ka sa mai kama da su. Kuma kar ka jefa tsakiyar ayari, cikin dubu goma me zai sa a zaɓi naka? Kura ba ta kutsawa tsakiyar garke, gurguwar akuyar da aka bari a baya take jira. Ka jefa gefe ko bayan ayarin, ko ka bar koton ya nutse ƙarƙashinsu inda manyan ke kwance suna jiran wanda ya jikkata ya faɗo, ka riƙa ja kana ɗan tsayawa kamar mai ɗingishi. In da kifi na gaske za ka yi koto don bas, doka ta ce sai da ƙugiyar nan mai lanƙwasa kamar zobe, ita a gefen baki take kamawa ba ta shiga ciki, kuma ba a fizgarta irin yadda muke fizgar fatsa a rafi, in ka ji ya ɗauka ka naɗe zare a hankali har ya yi tauri, ita za ta kama da kanta.

Bari in ba ka labarin wautata don kar ka maimaita. Shekarun baya na kai wa wani ɗan uwa ziyara a Fulorida ya kai ni mashigar Sebastian cikin Oktoba, na hau duwatsun da aka jera cikin ruwa da silifas ɗina na gida da doguwar riga, jifa na uku wani abu ya ɗauka, injin ya riƙa ƙara zare na fita kamar an ɗaura wa babur, ni kuma maimakon in bar shi ya gaji sai na danne zaren da babban yatsa wai zan tsayar da shi. Zaren ya ƙona min yatsa, ya tsinke, na yi baya na zauna daɓas kan gansakuka, raƙumin ruwa ya zo ya gama da sauran mutuncin. Wani tsoho da ke gefe ya ɗago guntun zaren ya duba ya nuna min bakinsa duk ya kurje, ashe ban sa ɗan guntun zare mai kauri da ake ɗaurawa gaban ƙugiya ba, sunuk kuwa bakinsa kamar sanfefa yake ga marfin kunnensa da kaifi. Har yau ban ga fuskar kifin nan ba amma duk shekara ƙara girma yake in ina ba da labari. Kai dai ka sa wannan guntun, in shuɗin mai haƙora ne a wurin ka sa na waya, kar kuma ka kuskura ka sa yatsa a bakinsa, da filaya ake cire ƙugiya. Ka sayi takalmi mai kama dutse, in ka dawo gida ka wanke sanda da injin da ruwan famfo don gishiri cin ƙarfe yake kamar gara da itace.

TAMBAYA: Malam mu a Afirka ba mu da irin wannan ne sai Amurka? Ina koyar da labarin ƙasa inaso in ba ɗalibaina misali na kusa.
Wani malamin makaranta, Bauchi

AMSA: Malam Allah ya ƙara basira, muna da shi har ma wanda ya fi nasu. A Afirka ta Kudu daga Mayu zuwa Yuli, lokacin sanyinsu kenan tunda su suna kudu da tsakiyar duniya, sardin ke tasowa daga kudancin ƙasar su bi wani siririn ruwan sanyi da ke bin gaɓar gabas har wajen Durban, ayarin na iya yin kilomita da dama, dolfin da shak da tsuntsaye har da manyan dabbobin teku na biye. Can in ayarin ya faɗo gaɓa mutane da kwanduna da bokitai har da zani suke shiga ɗiba, na ruwan Dadin Kowa da can ya gani da ya fi jin daɗi. Ga abin da za ka ja hankalin yara a kai, a Fulorida kifin gudun sanyi yake, a Afirka ta Kudu bin sanyin yake, wata shekarar in ruwan bai huce sosai ba ayarin ba ya bayyana a gaɓa.

Kusa da mu kuma akwai Ghana, daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasan teku mai sanyi ke tasowa sama da abinci, sardin ɗinsu ya yi yawa. Mu a Najeriya gaɓarmu kilomita 853 ce, kifin da ya fi yawa a bakinta shi ne bonga wanda ake ƙyafewa a kawo mana Arewa, shi kuma da rani ya fi kamuwa. Malet ɗin ma akwai shi a tafkin Legas. Tafon kuwa da Amurkawa ke ji da shi, mafi girma da aka taɓa kamawa da sanda aka rubuta a Afirka ta Yamma ne, a Gini Bisau a 2003, kusan kilo 130. Bas mafi girma da aka kama da sanda aka rubuta, na 2011 a jihar Connecticut ta Amurka, kilo 37 ne da ɗoriya, alhali kifin da ya ci gasar Argungu a 2020 kilo 78 ne. Ka gaya wa yaran su daina raina ruwan gida.

TAMBAYA: Kawu ina da kududdufin kankare guda huɗu a bayan gida, zan iya samun irin malet ɗin nan in zuba?
Wani mai kiwon kifi, Kumo

AMSA: Ƙanena ba ka yi wauta ba, malet na rayuwa a ruwan daɗi, Masar ma ita ce kan gaba a duniya wajen kiwonsa, suna ce masa buri. Matsalar iri ce, ba ya ƙwai a kududdufi sai a teku, su Masarawan ma yawanci daga bakin teku suke kamo ƴaƴan, kuma manyan tafkunan ƙasa yake so inda zai tsotsi taɓo, kankare ba abin da zai ba shi. Kafin ka ɗauko shi daga Legas zuwa Kumo ma ya zama na miya. Riƙe tarwaɗarka.

TAMBAYA: Kawu ni abinda ya ɗaure min kai, naga mutum ya sha wahala ya kamo ƙaton kifi yayi hoto dashi kuma ya sake shi. Wannan ba wahalar da dabba bane a banza? Kuma shi shak ɗin ana ci?
Ƴarka, ɗaliba daga Billiri

AMSA: Ƴata hukunci na malamai ne ba na Kawu ba, abin da na sani dai a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne, shak na ciki, a Legas ma ana ƙyafe shi a sayar. Sakin kuma kashi biyu ne. Akwai wanda doka ce ta sa, kifin bai kai awo ba ko ya wuce, ko kuma tafon ne wanda a Fulorida ba a kama shi don ci, in ya wuce inci 40 ma ba a yarda ka ɗago shi daga ruwa ba ko don hoto, naman nasa ƙaya ce zalla dama ba mai marmarinsa. Wannan ban ga laifinsa ba, uwa ce aka mayar ta je ta haihu. Akwai kuma wanda zai yini yana kamawa yana saki don daɗin ja kawai, ya riƙe kifi a sama minti biyar ana gyara tsayuwa ana sake hoto, ya jefar da shi ya ce ya sake shi da rai, alhali wani kason na waɗanda ake saki mutuwa suke daga baya, wanda ya galabaita kuma shak na nan na jiransa. Wannan kam ni ma raina bai kwanta da shi ba. Ni in na je ruwa na samu na miya biyu naɗe zarena nake in zauna in kalli tsuntsaye.

Hajiya ta Tudun Wada, in yaron ya kira ki ce ya turo min bidiyon da babu waƙa a kai, ina son jin ƙarar ruwan. Masu tarwaɗa sati mai zuwa naku ne in Allah ya kai mu, wanda ya ce kifinsa na yin iyo a kife ya canza ruwan tun yau kar ya jira ni.